Safar Ummu Nabil

Awatif ta sake ɗaga hannunta na dama, ta kama ƙarfen rufin bas ɗin, ta jingina kunci a damtsenta. Tun daga Kafar Sanad take zaune a haka, ga zafi tun da sassafe, ga warin gumi, ga na agwagin da wata mata ta cusa ƙarƙashin kujera.

Direban ya leƙo ta ta madubi. Ramzi ne, ɗaya daga cikin yaran da ta koyar shekarun baya, yanzu har da gashin baki da tumbi, amma bai daina ce mata Abla ba, wato malama.

"Abla Awatif, mun ga hannu. Faɗi amsar ki huta."

"Da ka taɓa ɗaga naka ko sau ɗaya a ajina, da yanzu ba agwagi kake ɗauka ba," in ji ta. "Kalli hanya."

Fasinjoji suka kwashe da dariya, har da mai agwagin. Ita kam ko murmushi ba ta yi ba.

Bara aka yi mata aikin sankara, aka cire nonon dama, aka haɗa da kaluluwar hammata. Ciwon ya tafi, alhamdu lillahi, amma ya bar mata hannu mai tara ruwa. Da safe yakan tashi da dama-dama, kafin la'asar ya koma kamar taɓarya, yatsun su ƙi lanƙwasuwa. Likita ya ce maganinsa safar matsi, wata doguwar safa mai roba da ake zurawa daga wuyan hannu har hammata. Ya ce a sa ta yanzu tun naman yana da taushi, don idan ya ƙandare babu safar da za ta dawo da shi.

Inshorar ma'aikata kuwa tana da nata karatun likitancin. Safar kanti kawai take biya, ɗinkakkiya a kwali, ƙarama ko matsakaiciya ko babba, guda ɗaya a shekara. Wadda ake auna mutum a ɗinka masa a Alkahira, wannan kwalliya ce a wurinsu, mai so ya sayar da 'yan kunne ya saya. Awatif ta riga ta sayar da nata a kan allurai. Hannun nata kuma yana daf da wuce babba. Idan ya wuce, inshora ta wanke hannunta. Shi ya sa ta kwana da shi a kan matashi, ta taho da shi a sama, don ruwan ya gangara kafin a auna.

Sati mai zuwa za a koma makaranta. Shugaban makarantar ya riga ya faɗa mata, cikin ladabin nan nasa mai ban haushi, cewa idan ba za ta iya riƙe alli ba akwai kujera a sito. Kowa ya san kujerar. A kanta ake ajiye malamin da aka gama da shi, ya yi ta gadin tsintsiya da karyayyun benci har ya yi ritaya. Ita kuwa rabin ƙauyen nan a hannunta suka koyi rubuta sunansu.

Ofishin inshorar yana can saman bene. Ta hau matakalar da hannu a ka, tana haki. A barandar an jera benci daura da banɗaki, ƙofarsa ba ta rufuwa, zarni ya cika wurin, mata sun toshe hanci da gefen mayafi. Madam Insaf, mai awo, ba ta iso ba sai da rana ta yi sosai. Da ta iso ma sai da ta canza takalmi, ta kira mijinta a waya ta yi masa faɗa a kan tukunyar gas, sannan ta kira sunan farko.

Da layi ya zo kanta, Awatif ta ajiye ƙunshin jarida a gefen teburin. Fatir ne, gurasar nan mai falle-falle, ƙanwarta ta gasa shi da asuba da man shanu mai kyau. Ba cin hanci ba ne, Allah ya kiyaye. Mutumin ƙauye dai ba ya shiga ofis hannu rabbana, shi ke nan.

"Me ya kawo wannan wahalar, Abla?" in ji Madam Insaf, ta riga ta warware jaridar. Ta yago gefe ta tura a baki, mai ya gangaro mata har wuyan hannu. Ta sake yagowa. Ta tsotse yatsunta ɗaya bayan ɗaya, sannan ta jawo tef ɗin awo daga aljihun tebur. Tef ɗin ya yi baƙi ƙirin da dauɗar jikin mutane, lambobin farko duk sun goge.

"Naɗe riga. Har sama."

"A ɗan tura ƙofar mana, Madam. Akwai maza a baranda."

"Me za su gani? Kowa da abin da ya dame shi." Ta kama hannun tana juya shi. "Inna lillahi! Wannan hannu ne ko cinya?"

Awatif ta kawar da kai ta kalli bango. Tana jin yatsun nan masu maiƙo suna bin fatarta, suna hawa har kusa da tabon aikin, inda ko ita kanta ba ta son taɓawa. Tef ya zagaya wuyan hannu, ya zagaya gwiwa, ya zo damtse. Madam Insaf ta yi tsaki.

"Ya wuce."

"Tun jiya yake sama, Madam. Zaman bencin nan ne da zafi."

"Ni ce na ce rana ta fito?" Ta dubi fatir ɗin, ta dubi hannun. Sai ta ja tef ɗin da ƙarfi har ya nutse cikin nama, Awatif ta cije leɓe. "To, babba. Don wallahi ƙanwarki ta iya gashi." Ta rubuta, ta buga hatimi, babban yatsanta ya bar tabon mai a kusurwar takardar. "Kantin Haj Shukri za ki kai, shi kaɗai muke hulɗa da shi. Ki karɓa yau. Idan takardar nan ta dawo, sai kwamiti ya sake zama a sake awo. Karo na gaba kuwa ko saniya kika jawo min, tef ɗin nan ba zai rufe ba."

A kan matakala Awatif ta tsaya ta goge hannun da gefen mayafi, ta yi ta gogewa har fatar ta yi ja, amma ƙamshin man shanun bai fita ba. Ta san ita da fatir sai an daɗe.

Kantin Haj Shukri yana da sanyi, rediyo na karatun Alƙur'ani a hankali, turaren wuta na tashi. A bayan gilashi an rataye ƙafafun roba da nonuwan roba, rana ta kodar da su, ƙudaje sun yi musu ɗigo-ɗigo. Kusa da ƙofa akwai wani babban akwatin katako da aka rubuta wa: Sadaka ga marasa lafiya mabuƙata. Shi kansa Haj ɗin fari ne tas cikin farar jallabiya, tabon salla a goshinsa ya kai girman kwabo, carbi ba ya barin hannunsa.

Ya karanta takardar ya girgiza kai.

"Babba. Babba ta yi wuya, 'yata. Amma zauna, za a duba. Wanda ya shigo kantin nan ba ya fita da ɓacin rai, in sha Allahu."

Ta zauna a benci tsakanin kekunan guragu, ta ɗora hannun a kan wani kwali. Ba a jima ba wani tsoho ya shigo, siriri, da hular ulu duk zafin nan, yana rungume da baƙar leda. Ya yi sallama, ya ga Haj yana waya, sai ya zauna a ƙarshen bencin. Ya daɗe yana satar kallon hannunta.

"Ke ma dama ne?" ya tambaya.

"Dama ne, Ammu," ta ce, yadda ake kiran dattijo a wajensu.

"Matata Ummu Nabil ma dama ne." Ya shafa ledar. "Jiya muka yi arba'in."

"Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta."

"Amin, 'yata, amin."

Sunansa Hilal, manomi ne a Izbat Rumman, ƙauyen da ke gaba da nasu a kan hanya ɗaya. Abin da ya kawo shi, kowa zai yi. Haka muke: idan an yi arba'in, kayan jinyar mamaci ba su ƙara zama a gida, a bayar wani ya amfana, ladan ya iske mai shi a kabari. Ya kwance ledar a hankali ya fito da safar, ninke tsaf kamar kayan salla.

"Mu ba mu da inshora. Maraƙi na sayar na saya mata, a nan kantin. Ba ta daɗe tana sawa ba." Ya juya wuyan safar ya nuna mata ciki. "Kin ga nan? Tanda ce ta lashe ta. Na ce mata ki bar gasa burodin nan, ga surukarki, ta ce burodin surukarta ko jaki ba ya ci. Ni na ɗinke da kaina, hannunta ba ya riƙe allura. Koren zare kaɗai na samu a gidan. Ta yi ta min dariya, wai ɗinkin buhun albasa."

Ɗinkin kuwa na buhun albasa ne, manya-manya, a karkace. Tsohon yana dariya hawaye na bin gemunsa.

Awatif ta dubi faɗin safar. Babba ce. Har maganar ta zo mata baki, ta ce Ammu ba ni mana, sai kunya ta riƙe ta. Malamar gwamnati, da takardar sabuwa a hannun mai kanti, ta zauna tana roƙon safar mamaciya?

Haj Shukri ya ajiye waya ya zagayo da hannuwa buɗe. Ya rungume tsohon, ya sumbaci kansa, ya ɗaga hannu ya yi wa Ummu Nabil addu'a doguwa, da Aljanna da inuwarta da ƙoramunta, har hawaye ya cika masa ido. Ya karɓi ledar da hannu biyu.

"Kafin ka isa gida, Ammu Hilal, ladan ya riga ka isa wurinta."

Tsohon ya fita yana share ido, ya ce bari ya samu azahar a masallaci kafin ya nemi mota. Haj bai jefa ledar a akwatin ba. Ya ɗaga labulen da ke bayan teburinsa ya shige da ita.

Awatif ta ci gaba da jira. Daga bayan labulen ta ji tarin wata mata, ta ji dutsen guga yana huci, wani wari kamar na roba mai zafi ya gauraya da turaren. Ta ce a ranta jallabiyar Haj ake gogewa, mutum ba ya yin fari haka a banza. Sannan wata na'ura ta yi ƙara, irin ta busar da gashi. Hannunta yana ta zugi, zoben da ta manta ba ta cire ba ya fara nutsewa a yatsa.

Haj ya fito da fara'a, riƙe da kwali cikin leda mai ƙyalli.

"Addu'ar iyaye na bin ki, Abla. Ita kaɗai ta rage, can ƙasan kaya." Ya turo mata takarda da biro. "Sa hannu nan, kin karɓi sabuwa, lafiya lau."

Ta ɗauki kwalin. Da ɗumi.

"Bari in gwada tukuna."

"Idan an buɗe ba a mayarwa."

"Likita ya ce kada in karɓa sai na gwada."

Ta yage ledar da haƙori, don yatsun dama ba su da ƙarfi. Safar ta fito a miƙe sumul, an fesa mata turare. Ta zura yatsun hagu a wuyanta don ta buɗa, sai ta ji wani abu yana karce ta. Ta juya ciki waje. Koren zare, manya-manya, a karkace.

Yawu ya cika mata baki. A ƙarƙashin turaren tana jin wani ƙamshin, na man kafur da ake shafa wa mai jinya, da na jikin da ya daɗe a kwance. Ba matar take ƙyama ba, baiwar Allah. Ɗumin kwalin take ƙyama, da hawayen da ta gani ɗazu a idon Haj yana addu'a.

"Haj," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Wannan ta Ummu Nabil ce."

Ko gezau bai yi ba. Ya miƙa hannu ya rage rediyon, kamar dai kada karatu ya ji.

"Ta Allah ce, 'yata. Kowane abu na Allah ne."

"A gabana ya kawo ta! Ko zufar hannunsa ba ta bushe a ledar ba. Ka goge ta da dutsen guga, alhali kai ka fi kowa sanin guga na kashe robar, ka sa a kwali, ka ce in sa hannu sabuwa ce?"

"Rage murya, akwai mutane a waje. Zauna mu yi magana ta hankali, ke malama ce." Ya ja carbi. "Gaya min wa aka cuta. Marigayiya tana son lada, za ki sa, za ta samu. Ke kina son safa, ga safa. Ni kuma inshorarku tana riƙe min haƙƙina tun kafin azumi, a kan tsohon farashi, alhali komai ya ninka. Da me zan shigo da sabuwa? Da addu'a?"

"Ai ka iya ta."

Ya yi murmushi, har ga Allah kamar maganar ta ba shi sha'awa.

"To ka ba ni ita a matsayin da aka kawo ta," in ji Awatif. "Sadaka ce, ba ni sadaka. Takardata kuma ta zauna har sabuwa ta zo."

"Subhanallahi!" Ya dafa ƙirji. "Abla, ki ji tsoron Allah. Sadaka ta mabuƙata ce, waɗanda ba su da kowa. Ke ma'aikaciyar gwamnati ce, da albashinki, da inshorarki. In ɗauki haƙƙin miskinai in ba ki? Me zan ce wa Ubangijina?"

Ta tsaya tana kallonsa. A rayuwarta ta ga yara masu ƙarya iri-iri, amma duk cikinsu babu wanda ba ya ƙifta ido.

"Zan koma ofis in faɗa musu."

"Ga ƙofa, wallahi ba zan riƙe ki ba. Ki rubuta ƙara. Za su karɓi safar su sa a aljihun tebur, shaida ce. Za su kafa kwamiti. Wataƙila su dakatar da ni, matan da ke bayanki a layi su rasa inda za su je. Ke kuma takardarki ta koma, a sake awo." Ya dubi hannunta a hankali, daga yatsu har kafaɗa, irin kallon da mahauci ke yi wa dabba. "Ni shekaruna nawa ina ganin hannaye. Wannan ba zai jira kwamiti ba."

Abin da ya fi ƙona mata rai, gaskiya ya faɗa. Ta dubi hannun. Tun daga ofis zuwa yanzu ya ƙaru, fatar ta yi sheƙi, zoben ya kusa ɓacewa. Ta tuna allo, da ƙananan kawunan nan da ke bin hannunta idan tana ja musu alif.

"Guga ɗaya ba ya kashe ta duka," in ji Haj da taushin murya. "Za ta kai ki wani lokaci. Zuwa baɗi Allah mai iko ne."

Ta ɗauki biron. Yatsun suka ƙi kama shi, sai da ta tallafa da hagu. Sa hannun ya fito a karkace, da wani yaro ne ya kawo mata irinsa da ta sa ya sake.

"Madalla. Kawo in taya ki sawa, akwai dabara."

"Kada ka taɓa ni."

Ta koma bayan kekunan guragun ta juya wa kantin baya. Ta yi fama da zoben har ya fita da fata. Ta tattara safar ta zura, tana ja da hagu, tana ja da haƙori, gumi na shiga mata ido, ɗanɗanon turare da kafur a harshenta. Da ƙyar ta kai ta hammata. Haj ya riga ya ƙara rediyon.

Tana fita ta tofar da yawu a kwata, ta sake tofarwa. Ta nufi tasha ta gefen inuwa. Kafin ta kai ƙarshen layin sai ta lura zugin ya ragu. Safar ta rungume hannun, ba sosai ba, ta ɗan saki a gwiwa, amma ta riƙe shi. Nauyin da ke jan kafaɗarta wata da watanni ya yi sauƙi. Ta ji daɗi, babu amfanin ɓoyewa, kuma jin daɗin nan ya fi komai tayar mata da zuciya.

A tasha motar hanyarsu ta kusa cika. Ba ta Ramzi ba ce, ta gode wa Allah. Ta sunkuya ta shiga, mutum ɗaya ya matsa mata wuri, sai da ta zauna ta ga hular ulun.

"A'a, 'yata! Ashe tare za mu koma. An dace?"

"An dace, Ammu."

Ta ja hannun rigarta ƙasa, amma wuyan safar ya naɗe wajen sawa, cikinsa ya leƙo. Tsohon ya zuba masa ido. Ya matso da fuskarsa kamar mai karanta ƙaramin rubutu.

"Allahu akbar," ya ce a hankali. Sannan da ƙarfi, har direba ya waiwayo: "Allahu akbar! Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah! Safar matata ce. Ɗazu-ɗazun nan na kai ta sadaka, ko la'asar ba a yi ba, ga ta a hannun mai buƙata!"

Motar ta ɗauka da salati. Wata mata a baya ta leƙo ta kafaɗarsu tana cewa ma sha Allahu.

"Ɗana Nabil ya ce in kai masallaci," in ji tsohon, yana magana da kowa da kowa. "Na ce a'a, masallaci za su kulle a ɗaki ɓera ya ci. Haj Shukri mutumin Allah ne. Kun gani? Ko kwana ba ta yi ba. Gobe zan ɗauko keken nata da katifar iska in kai masa. 'Yata, bai karɓi ko sisi a hannunki ba, ko?"

"Bai karɓi komai a hannuna ba," in ji Awatif. Wannan kam gaskiya ne.

"Kun ji! Ta matse ki daidai? Ita takan ce tana mata ƙaiƙayi a hammata, sai ki sa ɗan auduga."

"Zan sa."

Maganar tana nan a bakinta, kalma biyu sun isa. Ta san abin da zai biyo baya. Tsohon nan zai dira daga motar ya je ya shaƙe wuyan farar jallabiya, mutane su taru, 'yan sanda su zo, a ce ina safar, a ce wa ya sa hannu cewa sabuwa ce. Za a tuɓe ta daga hannunta a tura ta layin awo. Ta dubi fuskarsa. Tun da ta gan shi a kanti, sai yanzu ya yi kama da mutumin da zai iya cin abinci yau.

Ta matse yatsunta a kan cinya. Suka lanƙwasu, ba duka ba, amma daidai riƙon alli.

"A yi wa Ummu Nabil Fatiha," in ji direban, ya tayar da mota. Aka karanta, ita ma ta karanta, da zuciya ɗaya, don matar ba ta yi mata komai ba sai alheri.

Da aka shafa, matar da ke baya ta taɓa kafaɗarta.

"'Yar'uwa, don Allah, mahaifinmu ya rasu watan jiya, ga gadon asibiti, ga tukunyar iskar numfashi, duk sababbi, mun rasa amintaccen da za mu ba. Ina kantin bawan Allahn nan yake?"

"Ni ban iya kwatance ba," in ji Ammu Hilal, yana share ido da hannun riga. "Abla, ke malama ce, faɗa mata."

Duk motar aka zuba mata ido. Awatif ta haɗiye yawun da ya sake taruwa a bakinta.

"Bayan asibiti," ta ce, da muryar da take yi wa 'yan aji shifta. "Ki wuce mai ruwan rake, ƙofa ta biyu. Za ki ji karatu yana tashi."